Yadda zaka zaga tsohuwar Accra da ƙafa, daga Tudu har bakin teku, da abin da zaka ci a hanya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ke damuna game da mu mutanen zango a nan Accra, zaka ga mutum an haife shi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, kullum yana Makola yana Tudu yana Okaishie wajen neman abinci, amma ka tambaye shi ko ya taɓa shiga Ussher Fort sai yace a'a, alhali daga inda yake saro kaya zuwa ƙofar wurin tafiyar ƴan mintuna ce. Baƙi na biyan kuɗin jirgi daga Amurka da Brazil su zo su ga abin da ke bayan gidanmu. To ga yadda zaka yi wannan zagaye a yini ɗaya da ƙafarka, ko kai kaɗai ko da iyali, ko kuma in ka yi baƙo daga Kumasi ko Tamale ko Kano kana so ka nuna masa gari.

Fara da zaɓen rana. Kada ka je ranar Talata, masuntan Ga basa fita teku ranar, zaka tarar da kwale-kwale a jere a bakin ruwa amma babu kifi sabo babu hada-hada. Juma'a kuma masallaci zai raba maka yinin biyu. Asabar da safe tana da kyau amma in rana ta ɗaga ana kafa rumfunan jana'iza a cikin lunguna, wani titin a toshe shi gaba ɗaya. Ni a ganina Laraba ko Alhamis sun fi. Wajen wata kuma, ka guji tsakiyar damina, Mayu da Yuni, ruwan Accra in ya sauko kwatoci cika suke yi su malalo kan hanya. Agusta akwai sanyi-sanyi kuma lokacin bikin Homowo ne na mutanen Ga, garin na cika da jama'a, in kana son ganin al'ada to lokacin ne, in kuma kana son tafiya a natse ka zaɓi wani watan.

Abin da zaka ɗauka ba shi da yawa. Takalmi rufaffe mai daɗin tafiya, ba silifas ba, don ƙasan bakin ruwa a jiƙe yake da ruwan kifi. Hula ko lema. Mata a sa hijabi mara nauyi, zafin bakin teku mai ɗanko ne. Canji ƙanana a aljihu, sidi biyar biyar da goma goma, MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, na aiki a wurare da yawa amma mai gasa borode a bakin hanya canji take so. Ghana Card ɗinka, saboda wuraren da ake biyan kuɗin shiga ɗan ƙasa kuɗinsa daban da na baƙo. Sai ƴar ƙaramar sallaya a jaka. Shikenan.

Ka fito bayan asuba, kafin bakwai ka kasance cikin trotro, ƙaramar motar haya, mai zuwa Accra, in ka wuce haka go-slow zai cinye maka safiyar. Ka sauka Tudu ko Tema Station. Wanda ya taso daga Kumasi da motar dare zai sauka tashar Circle, daga nan trotro ɗaya ce zuwa cikin gari.

Karin kumallo a Tudu za'a yi shi, koko da ƙosai, ko da masa ko pinkaso in ka samu. Kada ka cika ciki, kofi ɗaya da ƙosai kaɗan, akwai waakye, shinkafa da wake, a gaba akwai dokunu, tuwon ƙullun masara, a gaba. Kana sha kana kallon unguwar, don nan ma cikin ziyarar take. Tudu, Cow Lane, Zongo Lane, nan ne musulmi fatake suka fara zama a tsakiyar Accra tun ƙarni na 19, kafin wuri ya yi kaɗan Malam Baƙo ya ja jama'arsa su kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Kakanninmu da ke harkar goro ta wannan bakin ruwan da zaka je yanzu suke loda shi a jirgi zuwa Legas. Saboda haka kada ka shiga Jamestown kamar wanda ya je garin wasu, da sawun mutanenmu a hanyar.

Daga Tudu ka ratsa ta gefen Makola ka nufi kudu, wato wajen teku. Wayarka a aljihun gaba, jaka a ƙirji. In ka ji ana "agoo, agoo" a bayanka ka kauce da sauri, ƴan kayayo ne ɗauke da kaya a ka, yawancinsu ƴan'uwanmu mata ne daga arewa, nauyin da ke kansu ba zai bari su tsaya maka ba. Kada ka tsaya ciniki yanzu, Makola in ta kama ka ta riƙe ka har azahar. Ka wuce ta wajen babban gidan waya, General Post Office, tsohon gini ne na zamanin Turawa, ka ci gaba har ka faɗo High Street. In ka iso ka juya dama, teku ta koma hannun hagunka, haka zata kasance har ka kai hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Wannan kaɗai in ka riƙe ba zaka ɓata ba.

Wuri na farko Ussher Fort. Mutanen Holan suka gina shi a 1649, sunansa na farko Crèvecoeur, sai a 1868 ya koma hannun Ingilishi suka canza masa suna. Daga baya ya zama kurkuku har zuwa 1993. Ka yi sallama wajen masu kula da ƙofa, ka biya, ka nemi wanda zai zaga da kai, kada ka ce zaka shiga kai kaɗai don bango ne kawai zaka gani in babu mai bayani. Akwai ɗan gidan tarihi a ciki kan cinikin bayi, da sarƙoƙi da zane-zane. A nan nake so ka ɗan daɗe. Ka shiga ɗakunan ka ga ƙanƙantar taga, ka ji zafin ciki, ka tuna mutane ne aka tara a nan ana jiran jirgi, kuma da yawansu daga arewa aka gangaro dasu, ta kasuwar Salaga, wasu musulmi ne masu salla irinmu. Shi ya sa kasuwar da ke cikin unguwar nan kusa ake kiranta Salaga Market har yau. In da yara ka zo dasu ka yi musu bayani da harshen da zasu gane, kada ka bari su ɗauka wurin ɗaukar hoto ne kawai. Ka yi wa waɗanda suka wuce addu'a kafin ka fita. Wannan ginin da James Fort da na Osu duk suna cikin gine-ginen gaɓar Ghana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979.

Kana fitowa ka ci gaba da High Street kaɗan, ka tambayi Brazil Lane, lungu ne da ya yi wajen teku, a nan Brazil House yake. Gidan mutanen Tabom ne, bayin da suka samu ƴanci a Brazil suka dawo Afirka a shekarun 1830, sarakunan Ga suka karɓe su suka basu wurin zama, sun zo da sana'o'i irin su ɗinki da haƙa rijiya, kuma akwai musulmi cikinsu. Zuriyarsu na nan har yanzu, irin su gidan Nelson. Mutane na zaune a harabar, saboda haka sallama da neman izini kafin ka ɗaga waya.

Bari in tsaya kan wannan maganar ta gaisuwa don ita ce rabin tafiyar. Jamestown da Ussher Town, abin da ake kira Ga Mashie, unguwa ce mai rai, mutane na wanka da yara a ƙofar gida, suna girki a waje, tsofaffi na zaune kan benci. Kada ka wuce dattijo ba gaisuwa. Da safe kace "ojekoo", in an yi maka alheri kace "oyiwaladon", namiji babba ka kira shi Nii, mace Naa ko Anti. Ko baka iya sauran ba wannan kaɗan ɗin na buɗe fuska. Miƙa kuɗi da karɓa da hannun dama, wannan mun saba. Hoto kuwa, na gini ɗauki abinka, na mutum sai ka tambaya, in yace a'a ka bar shi, in yace ka ba shi wani abu ka ga ko zaka iya. Samari zasu tare ka suce zasu zaga da kai, wasunsu sun san unguwar sosai kuma da su zaka shiga lungun da kai kaɗai ba zaka shiga ba, amma ku gama maganar kuɗi tun kafin ku ɗaga ƙafa, nawa ne, ina da ina za'a je, don kada a ƙare da rigima.

Yanzu wajen tara ta yi ko ta gota, lokacin waakye kenan, in ka bari sha ɗaya ta wuce masu kyau sun ƙare. Ka duba inda layi yake da tsawo kuma tukunya na tururi, yawanci Hajiya ce ko Amariya a bayan tebur, kana yin sallama da Hausa zaka ji an amsa. Ka ce a sa maka a ganye, ya fi roba ƙamshi nesa ba kusa ba. Gari kaɗan, taliya, ƙwai, wele, wato ganda, in kana so, shito, soyayyen yaji, a gefe kada a kwara maka a kai in baka san zafinsa ba. Ka ci rabin cikinka.

Gaba kaɗan James Fort, na Ingilishi, 1673, tsakaninsa da Ussher Fort bai fi rabin kilomita ba, ka ga yadda Turawan nan suke gasa da juna a kan ɗan wannan bakin ruwa. Shi ma kurkuku ya zama har 2008. A nan aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki aka yi zaɓen 1951 ya ci kujerar Accra Central, aka sake shi ranar 12 ga Fabrairu ya fito ya kafa gwamnati. Ka tambayi mai gadi, in an buɗe ka shiga ka ce a nuna maka ɗakin, in a rufe yake ka zaga ta waje ka wuce.

Hasumiyar nan mai ja da fari da kake hangowa tun ɗazu ita ce fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa gaɓa, kowa Laithaus yake ce mata. Ta farko an gina ta a 1871, wadda ke tsaye yanzu ta shekarun 1930 ce, tsayinta mita 28. In mai kula da ita yana nan ka biya ka hau, matakalar murɗaɗɗiya ce kuma matsattsiya, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya jira a ƙasa. Daga sama ne zaka gane garin. Zaka ga rufin kwanon Ga Mashie a cunkushe, dogayen benayen tsakiyar gari a baya, wajen yamma tafkin Korle da asibitin Korle Bu da aka buɗe a 1923, a ƙasanka kuma kwale-kwale masu tutoci kala-kala. Ka lura babu wani lungun ruwa mai zurfi da babban jirgi zai shigo ya jingina. Haka Accra ta yi zamaninta na tashar jiragen ruwa, manyan jirage su tsaya can nesa, majiya ƙarfi su tuƙa ƙananan jirage su keta igiyar ruwa su kai buhunan koko su dawo da kaya da fasinja, a haka har aka buɗe tashar Tema a 1962 harkar ta koma can, Jamestown ta rage da masunta. Tun 1877 da aka dawo da hedkwatar mulki daga Cape Coast har zuwa buɗe tashar Tema, yawancin abin da ya shigo garin nan ta teku ta wannan ruwan ya bi. Filin da ke tsallaken titi shi ne Mantse Agbonaa, gaban fadar sarkin Jamestown, nan ake taruka.

Sai ka gangara wajen masunta. An gina sabuwar tashar kamun kifi da tallafin ƙasar Sin, an buɗe ta a 2024, wurin ya canza sosai, ka bi inda aka yarda a bi. Zan faɗa maka gaskiya, bakin ruwan akwai leda da shara da ƙarni, wanda ke neman rairayin shaƙatawa ya tafi Labadi. Abin kallo a nan aiki ne, maza na jan raga suna waƙa, wasu na ɗinke inda ta yage, mata da manyan kwanoni suna ciniki da ƙarfi, hayaƙin banda na tashi. Kada ka taka raga, kada ka tsallaka igiyar da ake ja, kada ka tsaya a hanyar mai ɗauke da kwano. Kada kuma ka shiga ruwa ko ka bar yaro ya shiga, tekun Accra na ja da ƙarfi.

In ka hauro ka shiga cikin unguwa wajen Bukom. Ƴan dambe ne a nan, Azumah Nelson da Ike Quartey duk wannan yankin ya fitar dasu, zaka ga hotunansu a bango da ƙananan wuraren atisaye, wani ma a fili yake ba rufi. Da yamma suka fi yin atisaye amma ko da rana zaka ga yara na gwada hannu. Bangayen High Street da lunguna kuma cike suke da zane, yawanci ragowar bikin zane-zane na Chale Wote ne da aka fara a 2011.

To ga babban dalilin da yasa nace kada ka cika ciki, dokunu. Mutanen Ga komi suke ce masa, kuma duk inda ka ci shi a Ghana ba kamar na nan ba. Na Ga a bawon masara ake naɗe shi, da gishirinsa, da ɗan tsami, ba irin na Fante mai ganyen borode ba. Ka nemi wanda aka sauke yanzu, mai zafi da laushi, ka danna da yatsa ka ji ya lotsa. A haɗa maka da soyayyen kifi, barkono ja da aka niƙa da tumatir da albasa, koren barkono kpakpo shito, da baƙin shito. Ka wanke hannu, ka gutsura, ka ɗan murza, ka dangwala. Ɗaya ya ishi yawancin mutane, na biyu zai sa ka barci a kan benci.

Amma a kula, kuma wannan da gaske nake. Unguwar nan ana cin alade sosai, akwai wanda ake kira domedo, sau da yawa yana kan tebur ɗaya da kifi. Kafin ka zauna ka duba tiren da kyau, ka tambayi mai abincin kai tsaye, Anti kifi kaɗai kike soyawa ko da nama, man ɗaya ne? Ba abin kunya bane, sun saba da musulmi, zasu gaya maka gaskiya, wata ma da kanta zata nuna maka wadda ke sayar da kifi zalla. Nama kowane iri ka bar shi sai ka koma inda ka san yankan. Wuraren da ka ga labule a ƙofa da kwalabe mashaya ce ta akpeteshie, ka wuce. Abin sha ga kwakwa a baro, a fasa maka a gabanka, ka sha ruwan a kankare maka naman, ya fi komai kashe ƙishin bakin teku. Sobolo da lamurji da burkina masu sanyi ma zaka samu in ka koma wajen kasuwa.

Azahar ta yi kenan. Ka koma ta Salaga Market ka haura wajen Zongo Lane ko Cow Lane, akwai masallatai a cikin lungunan, ka tambayi duk wani mai shago da ka gani da hula zai nuna maka. Ka yi alwala ka wanke ƙurar hanya, ka yi salla, ka zauna ka huta har rana ta ɗan karya. Tsakanin ɗaya da uku ba lokacin yawo bane a Accra, musamman da yara ko tsoho. Mai son sayayya yanzu ne lokacinsa, Makola na kusa.

Wajen uku ka sake saukowa High Street, wannan karon ka juya hagu, teku a hannun dama. Zaka wuce Babban Bankin Ghana da cocin Holy Trinity na 1894 da Kotun Ƙoli, sai Kwame Nkrumah Memorial Park. Filin nan da can wurin wasan polo ne na Turawa, kuma a nan Nkrumah ya tsaya daren 6 ga Maris 1957 ya shelanta ƴancin kai. Ya rasu a Romaniya a 1972, an fara binne shi a garinsu Nkroful, a 1992 aka dawo da shi nan, matarsa Fathia ƴar Masar tana kusa da shi. An gyara wurin an sake buɗewa a 2023. Ka shiga gidan tarihin, sannan ka nemi mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulkin 1966, an ajiye kan a gefe. Wanda ya ga James Fort da safe ya zo nan da yamma labarin zai haɗu masa. Akwai inuwa da wurin zama da banɗaki mai tsabta, ka yi amfani da damar.

Arts Centre na maƙwabtaka da shi, ganguna, kente, fugu, jakunkuna da takalman fata, masu shagon da yawa ƴan zango ne. Farashin farko na baƙi ne, ka taya da Hausa cikin raha zai sauko. In babu niyyar saye kada ka fara ciniki.

In ƙafa ta yarda, ka ƙarasa gabas zuwa Black Star Square, tafiyar kamar minti sha biyar ce. A hanya ka sayi gasasshen borode da gyaɗa ka riƙa ci. Filin na 1961 ne, ga babbar ƙofa mai baƙin tauraro a sama. A kusa da nan ne ranar 28 ga Fabrairu 1948 aka harbe tsoffin sojoji uku, Sajan Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna kan hanyar kai kukansu ga gwamna a Osu Castle, abin da ya tada tarzomar da ta gaggauta neman ƴanci. Daga bakin filin zaka hango Castle ɗin fari a kan gaɓa, mutanen Denmark suka gina shi a shekarun 1660, ya daɗe yana fadar gwamnati kafin a koma Jubilee House. Ka bar shi sai wata rana, yana son lokacinsa daban, kuma akwai jami'an tsaro a yankin, inda suka ce ba hoto ka mayar da waya aljihu.

La'asar ka shimfiɗa sallayarka a gefe mai tsabta in baka yi ta a Arts Centre ba. Rana a Accra wajen shida take faɗuwa kusan duk shekara kuma duhu na saurin rufewa, saboda haka biyar da rabi ka juya. Kada ka bi bakin rairayi bayan magariba, ka bi babban titi zuwa Tema Station, tafiya kaɗan ce, nan zaka samu motar Nima, Mamobi, Newtown, Madina da sauransu. Layin yamma na da tsawo, in kuna da yawa ko da yara ku haɗa kuɗi ku ɗauki tasi ko Bolt. Mai komawa Kumasi a daren ya nufi Circle kai tsaye, ya yi magariba da isha a can kafin ya shiga mota.